Taubashina Ya Ce Shi Ya Kulle Mini Aikin Shekara Bakwai

Malama Zaituna, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Litinin, don na faɗa a bainar jama'a cewa ranar nan zan kai ɗan gwaggona jandarma, takardar ƙarar ma an riga an rubuta mini, tana cikin jakata. Yau kwana goma sha ɗaya abinci ba ya shiga mini, kuma duk wanda na kai wa kukana a dangi sai ya murmusa ya ce ai wasa ne. Ni dai ban ga wasa ba. In wasiƙar ta yi tsawo ki yi haƙuri, cikina ne a cike, ba ni da inda zan juye shi sai wurinki.

Ni tela ce a garin Agiye. Ba ɗinkin keke kaɗai nake yi ba, ina da injin surfani irin wanda ke aiki da kwamfuta. A kwamfutar nake zana adon wuya da na hannu da na bakin mayafi, in kwashe shi a kile, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ɗauki aiki, in kai wa injin, shi kuma ya ɗinka. Inji kowa na iya saye in yana da hali, zanen shi ne sana'ar. Shekara bakwai ina tarawa, sun haura ɗari huɗu, kuma fiye da rabi ni na ƙirƙire su da kaina. Akwai wanda na kwaikwayo daga sassaƙar ƙwaryar wata Bafulatana mai kawo mana nono, sati ukku ina fama da shi kafin zare ya daina tsinkewa a kwana. Akwai wanda na ɗauko daga bangon zauren kakanmu a Tibiri, shekara guda kafin damina ta kayar da bangon. Mata daga Gazawa, daga Gidan Rumji, har Sae Sabuwa suke hawo mota su zo shagona, kowace ta san lambar zanen da take so.

Wanda nake magana a kansa sunansa Haladu, ɗan Gwaggo Lami ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Gwaggo Lami ce ta raine ni tun ina shekara shida da mahaifiyata ta rasu, kwano ɗaya muka tashi muna ci da shi. Kin san al'adarmu: ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, don haka duk watan Cika-ciki ni ke ba shi kuɗin shara. To Haladu bai taɓa zuwa ya karɓa cikin mutunci kamar sauran mutane ba. Sai ya kama wani abu nawa ya riƙe har sai na fanshe shi. Bara almakashina ya ɗauke ana tsaka da yanka shadda. Bara waccan akuyata ya kwance ya ɗaure a bayan gidan liman, na yini ina cigiya. Kuma yana da wani hali: duk abin da ya same ni sai ya ce aikinsa ne. Kazata ta mutu, shi ne. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke ina cikin ɗinki, shi ya sa aka ɗauke. Sana'arsa gyaran waya a bakin tasha, don haka harkar danne-danne ba baƙuwarsa ba ce.

Ranar tara ga wata abin ya faru. Da hantsi direban motar Gazawa ya kawo mini kile daga ƙawata Fauziyya, ita ma tela ce a can. Sabuwar manhajar zane ce a ciki, irin wadda ake saye da tsada, ta ce a intanet ta samo ta kyauta, ita ba ta gwada ba don tata kwamfutar ba ta da ƙarfi. An rubuta cewa sai an kashe antibirus, wato mai gadin kwamfuta, kafin a sa ta, na kashe na sa ta. Wani shuɗin allo ya fito wai ana sabunta na'ura, fanka ta yi ta kuka kamar injin niƙa, manhajar ma ba ta buɗe ba, na ce sai anjima na koma kan keke. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye wani abu, amma ba shi ne zancen ba.

Zancen shi ne, wajen azahar sai ga Haladu. Ya shigo ba sallamar kirki, ya haye kujerar kwamfuta yana juyawa, yana cewa bana abin da zai kama ba a sayar da irinsa a kasuwa. Na zage shi, ya rama, na bar masa shagon na shiga gida salla. Da na fito ya tafi. Na duba almakashi yana nan, zare yana nan, awo yana nan. Sai da na zauna gaban kwamfuta na ga abin. Duk zane-zanena sun koma fararen takardu, kowane suna an liƙa masa wata wutsiya ta haruffa huɗu marasa ma'ana, in na danna sai ya ƙi buɗewa. Kowane dosiye na shiga, wato jakar da ake tara zane a ciki, sai in tarar da wata sabuwar takarda da Ingilishi. Ni Faransanci na yi a lakol, abin da na iya tsinta a ciki shi ne alamar dala, da awa saba'in da biyu, da wani adireshi.

Malama, dariya na yi. Wallahi dariya na yi har da riƙe ciki, na ce lallai bana Haladu ya ci gaba, ya bar akuya ya koma boko. Ke ki duba: watan shara, mutum ya zauna a kujerar, ya faɗi da bakinsa zai kama abin da ba a saye, ga takarda ana neman fansa. Wa zai yi tunanin wani abu daban?

Na kira shi a waya. Ya ce ƙwarai shi ne, kuma ba zai buɗe ba sai kwana ukku sun cika, kuma sharar bana zakara ce da aikin wuya kyauta a shaddarsa. Washegari na aika masa da zakara tare da tuwon Cika-ciki. Ya cinye ya aiko mini da ƙafafun a leda, wai saura riga.

Rana ta biyu aiki ya matse ni. Matan wata ƙungiya a Gidan Sori sun kawo anko, mutum ashirin da huɗu, duk zane ɗaya suke so. Sai na ce bari in nuna wa Haladu ni ba a yi mini haka. Ina da wani faifan ajiya da maigidana ya sayo mini a Maraɗi, duk ƙarshen wata nake kwafe aikina a ciki in mayar da shi akwati ƙarƙashin gado. Na ɗauko na jona. Ina kallo da idona, Malama, sunayen suka fara canzawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne na fitar da wutsiyar nan. Na sake kiransa, muryata na rawa, na san ya ji rawar, don ni kaina na ji ta. Na ce masa abin ya shiga har faifan ajiya, ya isa haka. Kin san abin da ya ce? Wai ai hannunsa har ƙarƙashin gado yana kaiwa. Ya kashe waya yana ƙyaƙyatawa. Ni kuma wawiya na bar faifan a jone har la'asar, ina jiran mai buɗewa ya ga dama.

Rana ta ukku na naɗe kwamfutar a zane na hau moto na same shi a rumfarsa. Na dire masa na ce buɗe yanzu, mutane na jira. Ya kunna yana murmushi, ya karanta takardar, sai na ga fuskarsa ta sauya, gumi ya keto masa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hatimin shagona, ya ce wallahi tallahi abin da ya ɗauka ke nan ranar, kwamfutar ko taɓa ta bai yi ba, kujera kawai ya hau. Wai ya zaci 'yar matsala ce da zan gyara da kaina, shi ya sa ya amsa. Wai ɓarayin intanet ne, cuta ce sananniya, kuma da na kashe na'urar tun farko da faifan bai kamu ba. Da na kashe! Shi ne yake gaya mini da na kashe! Mutumin da na kira sau biyu, wanda ya ci zakarana a kan abin, wanda sana'arsa ke nan! Ban san sanda na ɗaga murya ba, tasha kaf ta taru a kanmu, a nan na ce sai jandarma ta raba mu.

Tun ranar dangi suka taso mini. An yi zama a gidan Gwaggo, kowa bakinsa ɗaya: ba a fushi da taubashi, abin kunya ne, tun kakanni ba a taɓa ji ba. Ba wanda ya tambaye ni zane nawa ne, ba wanda ya tambayi yadda na ƙare da matan Gidan Sori, waɗanda suka kwashe yadinsu suka kai Maraɗi. Wata 'yar uwa ma cewa ta yi ai zane ne, in sake zanawa mana. Shekara bakwai, wai in sake zanawa mana! Gwaggo kuwa kuka ta yi, ta ce ranar da na taka ƙofar jandarma da sunan ɗanta, kada in ƙara taka tata, ko gawarta kada in zo. Matar da ta goya ni. Maigidana ya ce shi ba ya shiga tsakanin dangi, in yi abin da na ga ya dace.

Na sa wani malamin lakol ya rubuta wa masu takardar fansar ta adireshin nan. Sun amsa, har sun buɗe mini zane ɗaya kyauta don in yarda suna iyawa. Abin da suke nema ya kusa jika ɗari shida na sefa, sai na sayar da injin sannan in same shi. Wani mai gyara kuma ya ce in bari ya wanke kwamfutar tas in fara daga farko. Wani lokaci zuciyata na ce mini Haladu ne dai ya yi, ya gwada wani abu ya kuɓuce masa, ya tsorata ya ɗora wa ɓarayin da ba a gani. Ta yaya zan gane? In biya ko kada in biya? Kuma don Allah ki gaya mini gaskiya, wace irin al'ada ce za a cuci mutum sannan a hana shi ko da fushi? Ni fa ba dutse ba ce.

Taki cikin ɓacin rai,
Ɗiyar Namiji, Agiye.

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin komai, ki ɗauke hannunki daga kwamfutar nan. Kada ki ƙara kunna ta, kada ki bari a wanke ta, kada ki soka mata ko kile ɗaya, kada kuma ki sayar da injinki. Sauran maganar mu bi ta a hankali.

Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin wani bawan Allah a nan Maraɗi wanda tsaron na'urori shi ne aikinsa. Bai gama shafin farko ba ya ɗora yatsa a kan sakin layin da kika ce ba shi ne zancen ba. Shi ne zancen, ƙanwata. Abin da ya same ki cuta ce da ɓarayi ke ƙerawa don yin garkuwa da aikin mutane. Tana shiga na'ura, ta bi fayil ɗaya bayan ɗaya ta dagula cikinsa da wani lissafi, mabuɗin kuma yana hannun masu ita. Irin wadda kika kwatanta, mai wutsiyar haruffa huɗu da wa'adin kwana uku, ta fi shigowa ta cikin manhajar tsada da aka ce an samo kyauta. Duk manhajar da ta ce sai kin kori mai gadi kafin ta shigo, to kin riga kin san abin da ya kawo ta.

Alamomin duk kin gan su, kin kuma lissafa su da kyau, sai dai kin karanta su da idon watan shara. Allon sabuntawa da ya fito ba ki nema ba, na ƙarya ne, don ki zauna ki jira ta gama aikinta. Kukan fanka da nauyin na'ura alhali ba kya komai, aikin kullewa ne ake yi. Sai fayiloli su yi fari su fitar da wutsiya, sai takarda iri ɗaya ta bayyana a kowane dosiye. Wanda ya ga ko biyu daga cikin waɗannan, ya yanke intanet nan take, ya zare duk abin da ke jone, ya kashe na'ura, sannan ya nemi wanda ya sani. Ina faɗin wannan ne saboda sauran masu karatu, musamman teloli da masu hoto da masu buga takardu, waɗanda kile ke yawo a tsakaninsu daga shago zuwa shago.

Kin tambayi yadda za ki gane ko Haladu ne. Akwai hanya, kuma ba ta bukatar rantsuwar kowa. Kwamfuta tana rubuta ranar da sa'ar da aka taɓa kowane fayil. Masanin da zai duba miki, ki sa ya nuna miki sa'ar da aka ajiye takardar fansa ta farko, da sa'ar da zanen farko ya fitar da wutsiya. Mutumin da na tambaya ya ce in labarinki daidai yake, za ki ga hantsi ne, kafin Haladu ya tako shagon. Ki gani da idonki, don zargin nan in ba a kashe shi da hujja ba zai zauna miki a rai har tsufa.

Batun biya, kada ki biya. Zanen da suka buɗe miki kyauta tarko ne, haka suke yi wa kowa. Akwai waɗanda suka biya aka buɗe musu, akwai waɗanda suka biya aka ƙara musu farashi ko aka yi shiru, kuma ba ki da inda za ki kai ƙara. Ke kuma injinki za ki sayar, ki fanshi zane ki rasa abin ɗinka shi. Abin yi shi ne a ɗauki takardar fansar da fayil ɗaya da aka kulle a gwada a shafukan da ke tantance irin cutar kyauta, duk masani na gaske ya san su. Wasu nau'o'in an samu mabuɗinsu, wasu ba a samu ba. Ba zan yi miki daɗin baki ba: in dai na'urarki na kan intanet lokacin, ya fi yiwuwa naki yana cikin waɗanda ba a samu ba. Duk da haka ki adana faifan nan da kwafin abin da ke cikin kwamfutar kafin a wanke ta, don akan fitar da mabuɗi bayan shekara ɗaya ko biyu. Ki canza duk lambobin sirrinki daga wata na'ura mai tsabta, domin irin wannan cuta takan zo da 'yar uwarta mai satar su. Ki kira Fauziyya yau ɗin nan ki ce kada ta ba kowa manhajar nan, kada kuma ki sauke mata fushin da kika ɗauke daga kan wani, ita ma ba ta sani ba.

Aikinki kuma bai mutu duka ba. Injin kansa yakan riƙe zanen da aka ɗinka kwanan nan. Tsofaffin kile da ba ki soka ba tun ranar tara suna nan lafiya, a buɗe su a wata kwamfutar. Hotunan da kika tura wa masu kawo ɗinki suna cikin wayoyinsu. Uwa uba, zanenki yana wuyan matan garuruwa huɗu, yana cikin akwatunansu. Sake zana abin da ke gabanki wahala ce, amma ba ta kai ta ƙirƙira ba. Nan gaba ajiya biyu za ki yi, kuma faifan ajiya ba a jona shi a na'urar da ake shakkar lafiyarta, ko da wa za a nuna wa iyawa.

Yanzu ga Haladu. Fushinki halal ne, kuma danginku sun yi kuskure da suka ce wasa ne kawai. Kiran farko wasa ne, na yarda, ke ma dariya kike yi. Kira na biyu ba wasa ba ne. Mutum ya ji muryar 'yar uwarsa na rawa, ya san sana'arta ce a ciki, yana da ilimin da zai sa ya tsargu, amma daɗin cin galaba ya hana shi cewa tsaya, ba ni ba ne. Wannan laifi ne, sunansa ke nan. Iyayenmu sun bar mana taubasantaka don a samu mai gaya wa mutum gaskiya ba a yi faɗa ba. Ba su bar ta don a toshe bakin wanda aka ɓata wa ba. Ya kamata a zaman nan a samu babba ɗaya da zai fara juyawa kan Haladu kafin a juyo kanki, kuma na ji haushin da ba a samu ba.

Amma ki ba ni dama in juya ɗaya gefen. Hannunki ne ya kashe antibirus. Hannunki ne ya ɗauko faifan daga akwati, kuma da bakinki kika ce don ki nuna masa ne. Shi yana son ya ci wasa, ke ma kina son ki ci. Ina jin rabin wutar da ke cinki haushin kanki ne, Haladu ne dai ya fi kusa da hannu. In kin kai sunansa, jandarma za su tambaye ki me ya yi, ki ce ya yi miki ƙarya a waya ya ci zakara. Za su duba sa'ar fayil su sallame shi, ko su tsare shi kwana biyu a banza. Ko wanne aka yi, zane ɗaya ba zai dawo ba, ke kuma kin rufe wa kanki ƙofar gidan da kika tashi.

Maganar Gwaggo ta yi tsauri, amma tsoro ne ya faɗe ta, tsoron uwa mai ganin 'ya'yanta biyu za su tsaya gaban hukuma. Ki je wurinta ke kaɗai, ba a taron dangi ba. Ki zauna ki gaya mata abin da kika gaya mini, har bangon zauren Tibiri, don na tabbata ba wanda ya fassara mata girman asarar da harshen da za ta gane. Sannan ki nemi abu biyu. A kira Haladu ya faɗa a gabanta, ba dariya ba zolaya, cewa ya yi miki laifi. Kuma ya hau motonsa da wayarsa ya bi gidajen masu ɗinkinki, daga Gazawa har Sae Sabuwa, ya ɗauko miki hoton kowane wuya da kowane hannu, komai watannin da abin zai ci. In ya ƙi ɗaya daga cikin biyun, ki sake rubuto mini. Amma mutumin da gumi ya keto wa a rumfar nan, ban zaci zai ƙi ba.

Ranar Litinin kuwa ki je jandarma, don an yi miki ta'adi na gaske kuma ya kamata hukuma ta sani, ko don telan da za a kai wa kile na gaba. Sai dai ki yaga takardar da ke jakarki, a rubuta wata a kan ɓarayin da ba a san ko su wane ne ba. Haladu ya ɗauko kwamfutar ya biyo ki, ya tsaya a gefenki ya yi musu bayanin abin da ya karanta. Wanda ya cancanci sunansa ya hau takardar nan bai san sunanki ba, bai san inda Agiye take ba, kuma ko kin yi shekara ba ki ci abinci ba, ba zai ji ba.

Allah ya mayar miki da abin da ya fi, ya sa albarka a hannunki, ya sanyaya zuciyarki da ta Gwaggo, ya bar ku tare.

Taku,
Malama Zaituna.